Bayinmu na Gaidam

Kumasi, bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga yayana Bubayaro,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kun yi Salla lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke kumbura in na daɗe a shago. Likita ya ce in rage gishiri.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata. Ni ce Abu, 'yar baffanka Jalo, wadda aka taho da ita Kumasi tun ba ta yi wayo ba. Rabonmu da magana tun rasuwar Baba, kuma ko a lokacin ba ka ji rabin abin da nake faɗa a waya ba, ka ce kunnenka ya yi nauyi. Shi ya sa na rubuta. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Legas ne ya samo mini lambar gidanka, na ɗauki hoton takardar na turo.

Ga abin da ya kawo ni. 'Yata Khaulat, ita kaɗai gare ni mace, tana aikin jinya a wani asibiti a nan. Wani yaro ya fito yana sonta, sunansa Kyari. Karatun haƙar rijiyoyi ne ya kawo shi ƙasar nan, ya kusa gamawa. Yana da ladabi, yana salla, ban ga abin ƙi a tare da shi ba. Ya ce shi ɗan jihar Yobe ne, daga wani gari wai shi Gaidam, sunan mahaifinsa Alhaji Abatcha, kuma can zai kai ta in an yi auren.

Yaya, ni ban san Yobe ba. Lokacin da muka baro gida babu ma jihar, Borno ake cewa. Abin da na sani shi ne abin da rediyo ke faɗa, kuma ba mai daɗi ba ne. Mahaifin yarinyar ya rasu, ƙannensa sun ce tunda ƙasata ce, ni zan kawo bayani. Don Allah ka bincika mini abu biyu: wace irin ƙasa ce zan tura 'yata, kuma waɗanne irin mutane ne. Ka rubuto yadda zan karanta musu. Kada ka ɓoye mini komai don ka faranta mini.

Ƙanwarka, Abu

*

Yerimaram, Potiskum

Ƙanwata Abu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta wayar matata Yagana, ni ba na riƙe irin wannan wayar. Muna lafiya. Kunnen yana nan yadda kika san shi, kuma a kasuwar shanu wannan ba asara ba ce. Ki bar gishirin.

Tambayarki ta farko mai sauƙi ce, don dillancin shanu ya kai ni kusan kowace kasuwa a jihar nan.

Yobe doguwa ce, a tsaye take. Kanta na jingine da Nijar, ƙafarta na taɓa Gombe, Borno na gabas, Bauchi da Jigawa na yamma. In kin taso daga kudu, wajen Fika da Gulani, akwai duwatsu da itatuwa, ruwan sama na sauka sosai, ana noma dawa da masara da gyaɗa. Kina yin arewa itatuwan na raguwa, ƙasa na yin fari, har ki kai Yusufari da Machina inda rairayi ke tashi tudu-tudu. Can gero ne da wake, sai dabino a cikin kwari, sai kanwa da ake haƙa. Akwai ƙauyen da na taɓa sayen bijimi a gindin masallacinsa. Da na koma bayan wasu shekaru, rairayi ya kai taga.

Kogi ɗaya ne ya ratsa wannan bushewar, shi ne ma ya ba jihar sunanta. Yana shigowa ta yamma, ya bi ta Gashuwa, ya wuce Gaidam, ya nufi tafkin Chadi. Mutanen bakinsa suna da shinkafa da albasa da tattasai da kifi, haka ma mutanen fadamar Nguru. Da rani yakan janye har a tsallake shi da ƙafa. Da damina ya cika ya ci gonaki, a yi ta ƙorafi, a sake shukawa a wuri ɗaya.

Damaturu ce hedikwata, can ake sa hannu a takardu. Ciniki kuwa a Potiskum yake. Shanu na zuwa mana daga Nijar da Chadi da dajin Borno, mu loda su a tirela zuwa Legas da Fatakwal. Ana kuma fitar da riɗi da ƙaro da wake. Masana'antu ba mu da su da yawa, yaron da ya yi karatu yakan daɗe yana tuƙa keke napep kafin ya samu aiki. Mai haƙar rijiya dai ba zai zauna ba, don a arewa ƙishi ake yi.

Abin da rediyo ya faɗa miki an yi shi. Mun binne mutane a garin nan. Gaidam ta fi mu shan wuya, kuma ban ce miki an gama ba. Amma motoci na tafiya, kasuwa na ci, ana aure ana suna.

Mutane kuwa, nan wajenmu akwai Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Ngamo. Bade na Gashuwa, Hausawa na kowace kasuwa, mu Fulani duk inda ciyawa take. Kowa da yarensa a gida, a titi Hausa ake yi, kowa da irin karyewar harshensa. Sai kuma Barebari, wato Kanuri, a gabas da arewa. Wannan ya kawo mu tambayarki ta biyu.

Na je Gaidam da ƙafata. Alhaji Abatcha fataucin albasa yake yi, gidansa ba nisa da kogi. Na tambayi limamin unguwa, na tambayi maƙwabta, na nemo har wanda suka taɓa rigima da shi a kan iyakar gona, don irinsa ne ya fi sanin mutum. Babu wanda ya kawo mini komai. Aibinsu guda ne, kuma babba ne: Barebari ne. Kin san bayinmu ne tun kaka da kakanni. Ina shiga gidan na gaya masa ubangidansa ya iso, ya yanka mini rago kamar yadda ya kamata bawa ya yi. Na kwana da sandata a ƙarƙashin kai, don kin san su da hannu, saniyar Bafillace in ta ɓata a garken Babarbare ake fara nemanta. Shi ma ya faɗi nasa, ba sai na ɓata takarda ba.

Da za a bi ta tawa, ko akuya ba za a ba su ba balle 'ya. Amma tunda yarinya ta gani, ku sa rana. Zan tafi Legas da raguna, ba zan dawo ba sai bayan layya. Yagana na gaishe ki.

Yayanki, Bubayaro

*

Kumasi

Yaya Bubayaro,

Ina gaisuwa. Ƙafar ta yi sauƙi. Khaulat ce ba ta jin daɗi, amma ba ciwon asibiti ba ne.

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta takardarka ni kaɗai, na sake karantawa, sannan na karanta wa baffannin yarinyar. Bayanin ƙasa ya kwantar mini da hankali, har na fara cewa inda ake noma shinkafa ai mutum zai rayu. Sai na zo ƙarshe. Na gane kunya ce ta sa ka ce mu sa rana, don ba ka so a ce kai ka hana. Amma mutumin da ya kwana da sanda a gidan mutane ya gama magana.

Ranar Juma'a Kyari ya zo gaisuwa. Na sa aka fito da kayan da mahaifiyarsa ta aiko, turaren wuta da dabino da lafaya, aka ajiye a gabansa. Na ce masa, a gaban baffanninta, mu ba ma ba bayi 'ya, kuma ba ma haɗa jini da ɓarayin shanu. Ka san abin da ya yi? Dariya ya yi, Yaya. Dariya sosai, har ya gyara zama ya buɗe baki zai ba ni amsa. Na daka masa tsawa na ce ni ba sa'arsa ba ce. Sai ya dube ni ya daɗe, dariyar ta tafi. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Mama." Ya kwashi kayan ya fita.

Khaulat ta ce ba haka ba ne, akwai abin da ban gane ba, shi kuma ya daina ɗaukar wayarta. Na ce mata yayana ya je ya gani da idonsa. Ba ta cin abinci, tana zuwa aiki ta dawo ta rufe ƙofa. Zai wuce. Ka rubuto mata layi biyu, wataƙila ta ji maganar kawunta.

Abu

*

Kumasi

Yaya,

Ina fata lafiya. Na ji shiru. Na san kana Legas, amma ko ta bakin wani ai ka aiko. An ce yaron ya karɓi takardarsa ta makaranta ya koma gida. Khaulat ta rame, jiya ta tambaye ni ko na taɓa ganin bawa a rayuwata.  Ni na yi abin da takardarka ta nuna, kada ka bar ni ni kaɗai da shi.

Abu

*

Yerimaram, Potiskum

Zuwa ga Hajiya Abu,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Yagana, matar yayanki. Ba mu taɓa haɗuwa ba. Muna lafiya, yayanki na can Legas, ya aiko cewa kasuwa ta yi kyau. Ki gaishe mini da Khaulat, ki ce ta ci abinci.

Takardunki biyu sun shigo wayata, ban buɗe ba, don ba na karanta abin da ba ni aka rubuta wa ba. Shekaranjiya sai ga wani saurayi a ƙofar gida da jaka, ya sauka a tasha zai canja mota zuwa Damaturu, ya ce bari ya gaida wanda ya je gidansu. Kyari ne. Na ba shi ruwa ya sha, na kawo abinci ya ƙi. Da na matsa masa ya ce, "Mama ta ce ba ta ba bayi." Ya ɗauki jakarsa. Yana tafiya na buɗe takardunki, na kuma nemo ta yayanki da ni na ɗauki hotonta ban duba ba.

Hajiya, ni Babarbariya ce. Ki dubi sunana. 'Ya'yan yayanki duk ni na haifa masa, babbarsu ta aurar da tata. Kullum da safe abin da yake fara cewa shi ne, "Baiwata, ina koko?" Ni kuma in ce masa, "Tashi ka ɗauka, ɗan daji, wanda ya fi son saniyarsa da matarsa." Haka muke tun ina amarya. Tsakanin Fulani da Barebari wasa ne, mun gada. Suna ce mana bayi, muna ce musu bayi. Suna ce mana ɓarayin shanu, muna ce musu abin da ya fi haka. Ba a fushi, ba a kai ƙara. In rigima ta tashi a kasuwa tsakanin Bafillace da wani, sau da yawa Babarbare ne ke shiga ya zage shi har ya yi dariya ya ajiye sanda.

Amma abin na da ƙa'ida. A fuska ake faɗa, ana dariya, kuma a bar ɗayan ya rama. Shi ya sa yaron ya yi dariya. Ya ɗauka kin karɓe shi ne, kin fara wasan gida da shi.

Kuma bari in gaya miki halin mijina. Wanda bai yarda da shi ba, ba ya kiransa bawa. Da ya ga aibi a gidan nan, da Alhaji kaza Alhaji kaza za ki gani har ƙarshen takarda, cikin ladabi, kuma da bai ci ragonsu ba. Ya dawo daga Gaidam yana cewa bai taɓa ganin gida mai mutunci irinsa ba, ni ya gaya wa. Ke kuma ya rubuta miki wasa da irin muryar da ya ba ki labarin kogi. Haka fuskarsa take ko a gida, ba ka sanin yaushe ya fara.

Na ji zafin maganarki, ba zan ɓoye miki ba, don ni ma ta same ni. Amma ban riƙe ki ba. Kada ki kira yaron yanzu. Ki bari yayanki ya dawo.

Yagana

*

Kumasi

Yaya Yagana,

Na gaishe ki. Ba ni da lafiya tun da na karanta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nuna wa Khaulat, ta karanta ta miƙo mini wayar ta shige ɗakinta. Kunya nake ji, ban san inda zan sa kaina ba. Ki yafe mini naki kason.

Abu

*

Yerimaram, Potiskum, bayan babbar Salla

Ƙanwata Abu,

Ina gaisuwa. Na dawo lafiya, raguna sun ƙare. Ruwa ya sauka, an yi shuka.

Yagana ta tare ni da takardun tun ban cire takalmi ba. Ta ce laifina ne. Na sake karanta tawa, ban ga ƙarya a cikinta ba, amma na ga ba a Potiskum za a karanta ta ba. Raina ya ɓaci, Abu. Washegari na hau mota zuwa Gaidam.

Na samu Alhaji Abatcha a rumfarsa, ana zuba albasa a buhu, mutane cike. Ban yi masa wasa ba, na gaishe shi da sunansa, nan take ya san abin da ya kawo ni. Na faɗa masa komai a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a aka yi wa ɗansa. Ya ɗauki wata albasa yana juya ta a hannu. Can ya ce, "Wace ce ta faɗa?" Na ce ƙanwata ce. Ya ce, "Bafillatana?" Na ce e. Ya ce, "To me kuma kake so Bafillatana ta ce? Baiwata ta je Kumasi ta koyi ɗaga murya, shi ke nan sai a fasa aure?" Rumfa ta kwashe da dariya. Ya sa aka kawo shayi.

Da zan tafi ya rako ni tasha, mu biyu. A hanya ya ce, "Bubayaro, na san ba da wasa ta faɗa ba. Yaron ya gaya mini yadda fuskarta take. Amma in na ɗauke ta da gaske babu aure, kuma ni da kai ba mu da sauran wasa. Ba zan yi wannan asarar ba."

Sai dai ya ce abu guda, kuma ba zai janye ba. Ba ya son ban haƙuri, ba ya son aike. Ki zo da ƙafarki, ki tsaya a ƙofar gidansa, ki maimaita abin da kika faɗa a gaban mutane, Kyari na wurin. Ya ce yaron ya ɗauko amsa a bakinsa aka sa ya haɗiye ta, tana nan tsaye a maƙogwaronsa, kuma ba zai ɗaura masa aure a haka ba. In ya rama, an gama, a sa rana.

Na ga Kyari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar Khaulat, bai yi murmushi ba. Ban san abin da ke ransa ba, ba zan ce miki na sani ba.

In za ki zo, daga Kano mota ɗaya ce zuwa Potiskum. Daga nan sai Damaturu, mu yi arewa ta Dapchi da Bayamari. Ki zo yanzu da damina, ƙasar na kore, ba ta daɗewa a haka. Zan nuna miki gidan da aka haife ki, yanzu shagon faci ne.

Bubayaro

*

Kumasi

Yaya Yagana,

Ina gaisuwa. Ƙafar ta sake kumbura, amma zan taho a haka. Na rufe shago. Khaulat ta ci tuwo jiya, ita ta shirya mini jaka.

Ke nake rubuta wa, ba yayana ba. Ina tsoro. Na gwada faɗar maganar ni kaɗai a ɗaki, dariyar ba ta zuwa, fuskar yaron kawai nake gani. Baba ya koya mini sunan garinmu da sunayen kakanninmu, bai taɓa koya mini wannan ba. Wataƙila ba shi da wanda zai yi da shi a nan. In na faɗa, Kyari ya rama, ni me zan yi?

Abu

*

Yerimaram

Abu,

Lafiya lau muke. Ki ɗora ƙafar a kan jaka a cikin mota.

Ba abin da za ki yi. Ki tsaya ki ji har ya gama, kada ki katse shi. In dariya ta zo ki yi, in hawaye ne suka zo, su ma an saba gani. Zan tsaya kusa da ke, amma ki sani ni 'yar ɓangarensa ce. Ki taho da goro mai kyau.

Ni zan tare ki a tasha. Ba ki san fuskata ba, amma za ki gane ni. Ni ce zan tambayi direba ko ya kawo mini baiwata daga Kumasi. Ki fara da ni.

Yagana